Wa Ke Da Al Ahly?

Duk wanda ke bin Kano Pillars a 2009 ba zai manta da abin da ya faru a Alƙahira ba. An tashi 1-1 a wasan farko a nan Najeriya, mutane da yawa suka ce shi ke nan, sai dai a je Masar a cika ƙa'ida a dawo. Al Ahly ce ke riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, ta ɗauke shi sau uku cikin shekara huɗu, ita kuwa Pillars karonta na farko ke nan a gasar. Sai ga shi an tashi 2-2 a gidansu, ƙwallayen waje suka yi waje da su. Washegari a teburin mai shayin unguwarmu, shayi har ya huce a kofi, burodi na hannu ba a gutsura ba, ana ta maimaita sakamakon kamar akwai wanda bai ji ba. Wani dattijo da ko ƙofar filin wasa bai taɓa zuwa ba, shi ma sai da ya ɗaga hannu ya ce, "Sai Masu Gida!"

Daga ranar zuwa yau Al Ahly ta ƙara kofin nan sau shida: 2012, 2013, 2020, 2021, 2023 da 2024. Jimla 12 ke nan, babu wata ƙungiya a nahiyar da ta kai rabin haka. Pillars ta ci gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, sannan a 2022 ta faɗa rukuni na biyu kafin ta dawo. Ba don in rage wa Pillars daraja na kawo wannan ba, ni ma nata ne. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne: me ya sa ƙungiyar da muka kunyata a gidanta ta kakkaɓe ƙura ta ci gaba kamar ba a yi ba? Idan aka tambayi Bamisire zai ce ai Ahly ƙungiyar jama'a ce. Amsar tana da gaskiya a ciki, amma da na bi tarihin sai na ga hannu uku ne ke riƙe da ita tun 1907, kuma ba kullum suke jan ta wuri ɗaya ba: masu mulki, mambobi masu ƙuri'a, da magoya bayan da ke cika filin wasa.

A fara da labarin da kowane yaro a Masar ya haddace. Turawan Ingila sun mamaye ƙasar tun 1882, kuma a tsibirin Gezira da ke tsakiyar kogin Nilu suka kafa wa sojojinsu da manyan ma'aikatansu kulob na wasanni da shaƙatawa, inda ɗan ƙasa ba ya shiga sai da dalili. A 1906 aka yi ta'asar ƙauyen Dinshawai: hafsoshin Ingila suka je harbin tattabarun mutane, rikici ya tashi, hafsa ɗaya ya mutu, aka rataye ƙauyawa huɗu a gaban danginsu. Ƙasa ta ɗauki zafi. A cikin wannan yanayi ne wani lauya, Omar Lotfy, wanda ke shugabantar kulob ɗin ɗaliban manyan makarantu, ya kawo shawarar a samar wa matasan Masar nasu wurin da za su motsa jiki su kuma tattauna makomar ƙasarsu. Ranar 24 ga Afrilun 1907 aka kafa shi, a kan wancan tsibirin dai, aka sa masa suna Al Ahly, wato na 'yan ƙasa. Sa'ad Zaglul, wanda daga baya ya jagoranci boren 1919, yana cikin manyan da aka ɗora a gaba tun farko. Ƙwallon ƙafa ma ba da ita aka fara ba, sai a 1911 aka kafa sashenta.

Duk wannan gaskiya ne. Ɗaya rabin da ba a cika faɗa ba shi ne, shugaban Al Ahly na farko Bature ne ɗan Ingila, Alfred Mitchell-Innes, babban jami'i a ma'aikatar kuɗi ta gwamnatin da Turawan ke juyawa. Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun san fili a Gezira ba ya samuwa sai da sa hannun wanda ake jin maganarsa a sama, don haka suka sa shi a gaba. Bayan shekara guda ya bar ƙasar, Aziz Ezzat Basha ya karɓa. Masu hannu da shuni da masu sarautar Basha ne suka haɗa kuɗin ginin, cikinsu har da Talaat Harb wanda daga baya ya kafa Bankin Masar. Ke nan tun ranar suna, ƙungiyar da aka haifa don nuna wa mai mulki cewa ɗan ƙasa ma mutum ne, ta koyi shiga inuwar mai mulkin don ta rayu. Ban ɗauki wannan a matsayin munafunci ba. Dabara ce ta wanda ba shi da ƙarfi, kuma ita ce dabarar da Ahly ta yi ta maimaitawa fiye da shekara ɗari.

Haka labarin abokiyar hamayyarta ma ba a miƙe yake ba. Ana cewa Zamalek ƙungiyar baƙi ce da 'yan fada, don wani lauya ɗan Beljiyam, George Merzbach, ya kafa ta a 1911, ta daɗe da sunan Mukhtalat, wato gauraye, sannan ta ɗauki sunan Sarki Faruk kafin juyin mulkin 1952 ya sa ta koma Zamalek. To amma ita ce ƙungiyar Masar ta farko da ta ƙwace kofin Sarki Husaini daga hannun ƙungiyoyin sojan Ingila, a 1921. Ita kuma Ahly, har zuwa 1952 akwai kambin sarauta a saman tambarinta mai hoton gaggafa. Da sarauta ta faɗi aka cire kambin, aka naɗa Gamal Abdel Nasser shugaban girmamawa.

Kusanci da gwamnati yana da daɗi, yana kuma da ɗaci, kuma Ahly ta ɗanɗana duka biyun cikin shekara ashirin. Da aka fara gasar ƙasa baki ɗaya a kakar 1948-49, ita ta lashe tara na farko a jere. A wancan zamani shugabanta Ahmed Abboud Basha ne, ɗaya daga cikin manyan attajiran Masar, mai kamfanonin sukari da jiragen ruwa. A 1961 gwamnatin Nasser ta ƙwace dukiyarsa, ya bar kujerar. Bayansa gwamnan Alƙahira ne ya hau, sannan wani janar na soja, Abdel Mohsen Mortagy. Ƙwallo ta koma hannun hafsoshi, Abdel Hakim Amer mai riƙe da rundunar soja kuma kowa ya san zuciyarsa na Zamalek. Daga 1962 Ahly ba ta sake cin gasar ƙasa ba sai a 1975. A tsakiyar waɗannan shekaru yaƙin 1967 ya tsayar da gasar ɗungurungum na tsawon shekaru, kuma Ismaily ce, ba Ahly ba, ta fara kawo wa Masar kofin Afirka. Sai da aka ɗauko Nándor Hidegkuti, tsohon gwarzon Hungary, a matsayin koci a 1973, ya gina sabuwar tawaga a kan matasa irin su Mahmoud El Khatib, sannan numfashi ya dawo.

A ganina Ahly da muka sani yau a 1980 aka haife ta, ranar da mambobi suka zaɓi Saleh Selim.

Kafin a fahimci nauyin wannan zaɓe sai an san mene ne "kulob" a Masar. Ba tawagar 'yan ƙwallo kawai ba ce. Wuri ne mai katanga da ƙofa, da wurin ninƙaya, da filayen wasanni iri-iri, da lambu inda iyali ke zuwa da yamma su zauna su sha shayi yara na guje-guje. Mutum yana biyan kuɗi ya zama mamba, ya sabunta duk shekara, 'ya'yansa su taso a ciki. Waɗannan mambobi su ne masu ƙungiya a doka, su ke taruwa su zaɓi shugaba da hukumar gudanarwa. Babu attajiri ɗaya da zai ce tasa ce, babu gwamnan da zai naɗa shugaba da sanarwar rediyo ya sauke shi da wata. Omar Lotfy da ya kawo shawarar kafa ta shi ne kuma ake kira uban ƙungiyoyin gama-kai a Masar, kuma wannan ruhi bai bar ta ba. Ahly tana da reshe a Gezira, da Madinat Nasr, da Sheikh Zayed, da sabuwar Alƙahira, tana da tawagogin ƙwallon hannu da kwando da raga waɗanda su ma zakaru ne a Afirka. Kuɗin mambobi, da na tallace-tallace, da na talabijin, su ke ɗaukar nauyin gidan.

Saleh Selim tsohon ɗan wasan ƙungiyar ne, yana cikin waɗanda suka ci kofunan nan na jere, ana masa laƙabi da Maestro. Ya yi shugabanci daga 1980 zuwa 1988, ya dawo a 1992 har ya rasu a kan kujera a 2002. Shi ake jingina wa kalmar da ta zama taken gidan: Al Ahly tana sama da kowa. Magana ce da kowane shugaba zai iya furtawa a taron manema labarai, amma shi ya nuna ta a aikace a 1985. Rikici ya ɓarke a sashen ƙwallo, manyan 'yan wasa suka haɗa kai suka bijire wa hukuma, ga kuma wasan kofin Masar da Zamalek ya ƙarato. Wani shugaban da lallashi zai yi, a wuce wasan tukuna a yi maganar ladabtarwa daga baya. Shi kuwa ya dakatar da su, ya ce a fito da yaran ƙungiya, cikinsu har da wani matashi mai suna Hossam Hassan. Yaran suka doke Zamalek 3-2. Da an lallasa su a ranar, wataƙila da tarihi ya kira shi mai taurin kai. Amma abin da ya fi sakamakon muhimmanci shi ne darasin da kowane ɗan wasa ya ɗauka: a gidan nan babu wanda ba a iya yi ba tare da shi ba.

An ci gaba da aiki da wannan ƙa'ida ko a kan waɗanda ake ƙauna. Shi kansa Hossam Hassan, bayan ya zama gwarzon ƙungiya, da aka ƙi sabunta wa ɗan'uwan tagwaicinsa Ibrahim kwantiragi a 2000, suka tattara suka koma Zamalek, ba a bi su da roƙo ba. Essam El Hadary, golan da Afirka ba ta cika ganin irinsa ba, ya fice zuwa Sion ta Switzerland a 2008 ba da yardar ƙungiya ba. Ya yi ta tsaron raga har ya haura shekara 45, amma ƙofar Ahly ba ta sake buɗe masa ba.

Sai kuma ɗorewar shugabanci, wadda ita ce ta fi burge ni. Daga 1980 zuwa yau mutum biyar kacal suka shugabanci Ahly: Saleh Selim, Abdou Saleh El Wahsh, Hassan Hamdy, Mahmoud Taher da El Khatib wanda ya hau a 2017. Huɗu daga cikinsu sun sa jar rigar sun buga mata wasa. Mutum ya shigo yana yaro, ya zama kyaftin, ya zama daraktan ƙwallo, ya shiga hukuma, ya zama mataimaki, sannan shugaba. Kafin ya kai kujerar ya san kowane lungu na gidan. A nan ne nake tuna namu. Kusan duk manyan ƙungiyoyin Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, ana sauya hukumarsu da sauyin gwamna, albashin 'yan wasa na jiran sa hannu a ofis. Waɗanda ba na gwamnati ba kuwa sukan mutu tare da aljihun mai su ko sha'awarsa. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dai a ba yara labarinta.

Kofunan da suka biyo baya sanannu ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Na Afirka na farko ya zo a 1982 a kan Asante Kotoko, wadda ta rama a shekarar da ta biyo. Na biyu a 1987 a kan Al Hilal ta Sudan. Hukumar CAF ta naɗa Ahly ƙungiyar ƙarni na 20, abin da 'yan Zamalek ba su haɗiye ba har gobe, kuma suna da hujja: a ƙarshen ƙarnin suna da kofin zakaru huɗu, Ahly na da biyu. Lissafin maki CAF ta bi, kofunan masu cin kofi huɗu da Ahly ta tara suka taimake ta. Amma abin da ya zo bayan nan ya rufe gardamar a fili. Koci Manuel José ɗan Fotugal ya ci mata kofin zakaru huɗu, a 2001, 2005, 2006 da 2008, na ƙarshen a kan Coton Sport ta Garwa. A zamaninsa aka yi wa Zamalek 6-1 a 2002. A zamaninsa Mohamed Aboutrika ya zura ƙwallon nan ta ƙafar hagu a mintunan ƙarshe a Tunisiya da ta ƙwace kofin 2006 daga bakin Sfaxien. Ƙashin bayan tawagar Masar da ta ci kofin nahiya uku a jere daga 2006 zuwa 2010 daga Ahly ya fito. Wannan tawagar ce, a ƙarshen ƙarfinta, Pillars ta fitar.

Gwajin da ya nuna amfanin mallakar mambobi ya zo a 2018. Turki Al-Sheikh, wanda ke riƙe da harkar wasanni a Saudiyya a lokacin, an naɗa shi shugaban girmamawa, ya zuba kuɗi masu yawa. Cikin 'yan watanni aka ɓata, ya ajiye muƙamin, ya fito fili ya lissafa abin da ya kashe. Da a ce ƙungiyar ta sayarwa ce da ya saye ta ya kori waɗanda suka saɓa masa. Tunda ba ta sayuwa, sai ya sayi wata ƙaramar ƙungiya mai suna Al Assiouty, ya sauya mata suna zuwa Pyramids, ya cika ta da 'yan wasa masu tsada don ya karya Ahly. Bayan shekara guda ya sayar da ita ga wani ɗan kasuwa na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ba za a raina abin da kuɗi suka yi ba, don Pyramids ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2025. Sai dai har a waccan kakar ta 2024-25 Ahly ce ta ci gasar Masar, kuma Pyramids na buga yawancin wasanninta kujeru wayam.

Kada wannan ya sa a ɗauka mambobi sun kori gwamnati daga gidan. A Masar kulob yana ƙarƙashin sa idon ma'aikatar wasanni, minista na iya rusa hukumarsa. An sha yi wa Zamalek haka, an ma gwada a kan Ahly a farkon 2014 kafin firaminista ya dakatar da matakin. Hassan Hamdy, lokacin da yake shugaban Ahly, shi ne kuma ke jagorantar sashen tallace-tallace na Al-Ahram, kafar yaɗa labarai mallakar gwamnati, wadda ke da hannu a tallan ƙungiyar. Babban filin da take buga manyan wasanninta, na Alƙahira, ba nata ba ne. Magoya bayan sauran ƙungiyoyi sun daɗe suna cewa alƙalai da hukumar ƙwallo na tausaya mata, kuma rashin yarda ya kai inda aka saba ɗauko alƙalin wasa daga waje idan za ta kara da Zamalek. Ko wane ne a kan mulki, sarki ko soja, Ahly ba ta taɓa tsayawa ta yi masa fito-na-fito ba. Abin da hukumarta ke maimaitawa shi ne ita ba ta siyasa.

Wannan ya kawo mu ga hannu na uku, wanda labarinsa ya fi min ciwo.

Magoya bayan Ahly miliyoyi ne, daga Aswan zuwa Iskandariyya, har da wajen Masar. Amma a zaɓen 2017 da ya kawo El Khatib, ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai 40,000 ba. Kuɗin zama sabon mamba ya kai dubban ɗaruruwan fam, abin da direban tasi ko ɗalibi ba zai tara ba ko a mafarki. Wanda ke shiga jirgin ƙasa mai araha ya yi tafiyar awanni don ya tsaya bayan raga yana waƙa minti 90, ba shi da ƙuri'a ko ɗaya. Mai ƙuri'ar kuma sau da yawa don wurin ninƙayar 'ya'yansa ya yi rajista.

A 2007 matasan bayan raga suka kafa tasu ƙungiyar, Ultras Ahlawy. Da kuɗin aljihunsu suke ɗinka tutoci masu rufe sashe guda na fili, su tsara waƙoƙi, su yi hayar motoci zuwa wasannin waje. Kusan kowane mako sai sun yi arangama da 'yan sanda a ƙofar fili, har suka ƙware a abin da sauran matasan Masar ba su sani ba: yadda ake tsayawa gaban kulki da hayaƙi mai sa hawaye ba a watse ba. Da boren 2011 ya tashi, da yawansu suna dandalin Tahrir a sahun gaba, tare da takwarorinsu na Zamalek, har ranar 2 ga Fabrairu da aka afka wa masu zanga-zanga a kan raƙuma da dawaki. Bayan faɗuwar Shugaba Hosni Mubarak suka ci gaba da rera waƙoƙin zagin 'yan sanda da majalisar sojan da ta karɓi mulki.

Ranar 1 ga Fabrairun 2012 Ahly ta je Port Said wasa da Al Masry. Masu gida suka ci 3-1. Ana hura usur na tashi, dubban mutane suka kwararo cikin fili daga sashen masu gida, suka nufi inda baƙi suke, wasu da wuƙaƙe da sanduna. 'Yan sanda na tsaye a jere suna kallo. Fitilun fili suka mutu. Matasan Ahly suka ruga zuwa mashigar da suka shigo ta cikinta, wani matsattsen rami mai matakala, suka tarar da ƙofar ƙarfe a kulle. Na gaba suka matse a jikin ƙofa, na baya na turowa don ana sara daga baya. Wasu an jefo su daga saman benaye. Ɗakin sauya kayan 'yan wasa ya koma asibiti, an shigo da waɗanda suka jikkata an shimfiɗe a ƙasa, wani matashi ya cika a hannun Aboutrika. Mutum 74 aka sanar sun mutu, kusan dukkansu magoya bayan Ahly, da yawa ba su kai shekara 25 ba.

Har yau ba a haɗu a kan dalili ba. 'Yan Ultras sun yi imani ramuwar gayya ce a kan abin da suka yi a Tahrir, shekara guda ba kwana ɗaya bayan ranar raƙuma. Kotu ta ɗauke shi a matsayin kisan da wasu magoya bayan Al Masry suka shirya, tare da sakacin jami'an tsaro, ta kuma ɗaure shugaban 'yan sandan birnin. Da aka yanke wa mutum 21 hukuncin kisa a Janairun 2013, Port Said ta kama da wuta, aka sake rasa rayuka fiye da 30. Bayan ɗaukaka ƙara da sake shari'a, a 2017 aka tabbatar da hukuncin kisa a kan mutum 10. Ko wane bayani mutum ya ɗauka, ƙofar nan wani ne ya kulle ta, kuma masu kaki suna wurin.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna inda hannayen nan uku suka rabu. An soke gasar ƙasa. A watan Satumba aka ce a buga wasan Super Cup, iyalan mamatan da 'yan Ultras suka ce kada a taɓa ƙwallo a Masar sai an yi hukunci. Aboutrika ya ƙi bugawa. Hukumar ƙungiya ta dakatar da shi wata biyu ta kuma ci shi tara. Ta fuskar ƙa'idar Saleh Selim daidai ta yi, babu wanda ya fi ƙungiya. Amma a wannan karon ƙa'idar ta faɗa kan mutumin da ya tsaya tare da waɗanda suka mutu saboda ƙungiyar, kuma ni a nan zuciyata na tare da shi. Duk da haka 'yan wasan, ba gasar gida, yawancin wasanni ba 'yan kallo, suka je har Tunisiya suka doke Espérance suka ɗauko kofin Afirka na 2012, suka sadaukar da shi ga mamatan. Ban san wata nasara a tarihin ƙwallon nahiyar nan da ta kai wannan nauyi ba.

Suka sake ɗauka a 2013 a kan Orlando Pirates, Aboutrika ya ci a wasannin biyu. Wanda ya ci ta biyu a Alƙahira, Ahmed Abdel Zaher, ya ɗaga yatsu huɗu, alamar tunawa da magoya bayan hamɓararren shugaba Mohamed Morsi da aka kashe a dandalin Rabaa na Alƙahira watanni kaɗan kafin nan. Nan take ƙungiya ta dakatar da shi ta sa shi a kasuwa. Aboutrika ya yi ritaya a ƙarshen shekarar. A 2015 gwamnati ta riƙe kadarorinsa, a 2017 ta sa sunansa a jerin waɗanda take zargi da alaƙa da ta'addanci, zargin da ya musanta. Yana zaune a Ƙatar yana sharhin wasanni a talabijin, kuma da mahaifinsa ya rasu bai samu zuwa jana'iza ba.

Su kuwa matasan bayan raga, shekara shida aka yi kusan ba a barin kowa shiga wasannin gasar gida. Da aka gwada buɗewa a Fabrairun 2015, magoya bayan Zamalek kusan 20 suka mutu a turmutsutsu da hayaƙin 'yan sanda a ƙofar wani fili a Alƙahira, aka sake rufewa. A shekarar ce kotu ta haramta ƙungiyoyin Ultras baki ɗaya. Aka yi ta kama su ɗaya bayan ɗaya. A Mayun 2018 Ultras Ahlawy ta fitar da sanarwar rusa kanta. An dawo da 'yan kallo sannu a hankali, da adadin da jami'an tsaro ke ƙayyadewa, kuma yau wanda ke son tikitin kallon Ahly sai ya yi rajista a intanet da katin shaidarsa na ɗan ƙasa da hotonsa, a san sunansa kafin ya iso bakin ƙofa. A manyan wasannin Afirka filin Alƙahira yana cika ya yi ja, ana rera waƙoƙin da waɗancan matasa suka tsara, har da wadda suka yi wa abokansu 74.